Gwangwani Na Biyu

Akwai irin kirkin da ke cin ran mutum da rana tsaka, ana kallo ana sa albarka. Irinsa aka yi a gidan Bappa Hammadu na Soron Ɗinki, a shekara ta biyu da fara yaƙin basasa, kuma har yau in aka tayar da zancen sai ran mutum ya ɓaci.

Gidan Fulani ne da suka daɗe da jingine sanda suka zama 'yan birni. Shanu sun ƙare tun zamanin kakanni, Fulatancin ma saura gaisuwa, amma kunya tana nan daram, ko gezau ba ta yi ba. Bappa Hammadu dogon tsoho ne marar yawan magana, wuni yake a soro bisa buzu da carbinsa. Ɗansa na fari shi ne Hambali, maɗinkin manyan riguna, wanda in ya zauna wa aska takwas har daga Shahuci ake zuwa kallo. To, shekarar Hambali talatin da shida a duniya, ubansa bai taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne. In dole ta kama sai ya ce "wancan", ko "mai allurar nan". In suka haɗu a lungu, ɗaya ya kalli bango, ɗaya ya kalli ƙasa. Matar Hambali, Ma'u, ita ma ba ta faɗin sunan miji, "Malam" take cewa. Gwaggo Nana kuwa, ƙanwar Bappa da ta goyi Hambali bayan rasuwar uwarsa, "Ɗan Gwaggo" take ce masa. Mutum da sunansa na yanka, amma sai ya fita waje yake jin sa.

Shekara uku kafin nan ciwo ya kayar da Hambali. Da fari an ɗauka atuni ne, gudawar nan mai jini. Aka yi ta jiƙe-jiƙe da sassaƙe, aka sha rubutu, abu ya ƙi. Sai ya zaga bayan gida sau goma sha biyar a wuni, jini da majina, har ƙaton mutum ya koma kamar sillen kara. Kwana arba'in ya yi a asibiti, Ma'u ce a kansa. Bappa bai shiga ba ko sau ɗaya. An ce an gan shi sau biyu a gindin darbejiyar ƙofar asibitin yana jan carbi, da ya hangi wanda ya san shi sai ya yi kamar wucewa yake. Saboda haka bai ji abin da likita ya faɗa ba ranar sallama. Ma'u ce ta ji, ta bakin malamin asibitin da ke yin tafinta, kuma ta haddace shi kamar Fatiha.

"Wannan ba atuni ba ne. Babban hanjinsa ne ke kumbura daga ciki yana yin gyambo. Ba ya warkewa, kwanciya yake yi. Kin san wutar ƙaiƙayi? Sama toka, ƙasa garwashi. Ƙwayar nan ita ke danne ta. Biyu da safe, biyu da yamma, ko da yana jin ƙarfin kokawa da raƙumi. Kada ki ga ya yi ƙiba ki ce an gama. In ya daina, jinin zai dawo."

Sunan ƙwayar dogo ne, salfasalazin, harshen Ma'u bai taɓa kai ƙarshensa lafiya ba. 'Yar rawaya take ce mata, don launinta, kuma don har fitsarin mai shanta takan rina. Amma aiki kam ta yi. Hambali ya mayar da jiki, ya koma kan allurarsa, yana cin tuwo malmala biyu yana neman ƙari.

Da can a Sabon Gari ake sayo ta, a kemis ɗin wani mutumin Gabas. Da aka yi tashin hankalin araba ya kulle kanti ya gudu, ba wanda ya san ko ya isa gida. Sai aka koma asibiti, yau a samu, gobe a ce a dawo. Da yaƙi ya yi zafi sai kantocin asibitin suka zama fayau, aka ce magani duk bakin daga yake tafiya. Ana cikin wannan zullumi Allah ya kawo Alhaji Mukhtar, jikan Larabawan nan fatake na cikin birni, aminin Bappa tun ƙuruciya. Zai yi tafiya Tarabulus, Hambali ya ba shi takardar likita. Da bazara ya dawo da gwangwani biyu, kowane ƙwaya ɗari biyar. Kuma kamar yadda ake yi, bai nemi yaro ba, maigida ya nema. A soro ya damƙa su hannun Bappa. Bappa ya ba Gwaggo Nana ɗaya ta kai cikin gida, ɗayan ya sa a adakar da yake ajiye likkafaninsa da takardar gida, ya kulle.

Ma'u ta lissafa da yatsunta. Wata takwas da 'yan kwanaki. Ranar ta yi wa Alhaji Mukhtar addu'ar da ba ta yi wa ubanta ba.

Sai damina ta sauka, atuni ya shigo unguwa. Gambo mahauci, maƙwabcinsu bango da bango, ya zo soro ya durƙusa. Matarsa ce kwana huɗu ba ta tashi ba, asibiti babu komai, ya kuma ji an ce akwai maganin ciki na ƙasar Larabawa a gidan nan. To, me Bappa zai ce? Ya ce babu, ya yi ƙarya da furfurarsa? Ko ya buɗe baki gaban maƙwabci ya ce "na ɗana ne"? Ɗan fari? Allah ya kiyaye! Ai gara ƙasa ta tsage ya shige. Ga shi kuma da idonsa yana ganin wancan kullum yana wucewa masallaci garau, wuya ya yi kauri. Ya buɗe adaka, ya zuba wa Gambo cikin tafin hannu. Matar ta tashi. Ko ƙwayar ce, ko kwanakin atunin ne suka cika, Allah ne masani. Amma labari ya riga ya fita.

Ma'u ba ta sani ba sai ranar da Talatu mai kitso ta zo. Kanta na bisa cinyar Talatu, an yi rabi, Talatu na zuba kamar kullum.

"Ke dai Ma'u kin yi dacen suruki. Wallahi tsohon nan ɗan Aljanna ne. Ƙwayar nan tasa mai ruwan rawaya ai ta gama unguwa. Matar Gambo, 'ya'yan mai unguwa biyu, ni ma da cikina ya murɗa na aika aka ba ni shida. Jiya har daga Dala aka zo. Kuma ko goro ba ya karɓa."

Ma'u ta ɗago kai da ƙarfi har tsinken kitso ya karce ta. "Wace ƙwaya?"

"Ke da gidanku kike tambayata?"

Haka ta tashi da rabin kitso, ta tarar da Hambali a ƙofar ɗaki da riga a kan gwiwa yana soka allura.

"Malam, ka san ana rabon ranka a soro?"

Bai ɗago ba. "Na ji."

"Ka ji? Tun yaushe?"

"Tun makon jiya."

"To me ka ce?"

"Ma'u, me zan ce? In je in tsaya gaban Bappa in ce ya hana maƙwabci magani saboda ni? Da wane bakin?"

"Da bakin da kake haɗiyar ƙwayar!"

Ya yi 'yar dariya, ya ciji zare. "Ki kwantar da hankalinki. Ba ga ni nan garau ba? Kafin na cikin ya ƙare Allah zai kawo wata hanya."

Wannan ne ya fi ƙona mata rai. Shi da ya ji a jikinsa ya manta, ita da ta wanke zannuwa ce ba ta manta ba. Ta yi tsaye tana huci, ta rasa inda za ta sa kanta. Ita suruka ce. Shekara goma sha ɗaya a gidan nan, maganarta da Bappa ba ta wuce "ina kwana" daga bayan ƙyaure a durƙushe ba. Hanya ɗaya ce tsakanin cikin gida da soro, ita ce Gwaggo Nana.

Ta same ta tana kaɗi a inuwa, ta durƙusa ta zayyana mata komai. Gwaggo Nana ta ajiye mazari ta ce, "'Yar nan, ni dama abin nan ya daɗe yana damuna. Mutum ƙato, lafiyayye, a ce kullum sai ya sha magani safe da yamma? Shan magani ba ciwo ai kiran ciwo ne."

"Gwaggo, ciwon yana nan, kwance yake. Likita ya ce wutar ƙaiƙayi ce."

"Likita Allah ne?"

"Ba Allah ba ne, Gwaggo. Amma ke ma kin ga yadda Malam ya koma a wancan karon. Don Allah ki ce wa Baba, in ƙwayar nan ta ƙare jinin zai dawo, kuma yana iya mutuwa. Haka za ki faɗa masa, kada ki rage."

Gwaggo Nana ta yi salati don an ambaci mutuwa, amma ta tashi. Tana son Ɗan Gwaggo, wannan ba shakka. Ma'u ta bi ta a hankali ta laɓe a bayan ƙyauren soro, ta ji da kunnenta.

"Yaya, yaran nan suna cewa a dinga tunawa da su a maganin nan."

Bappa ya ce, "Allah ya ƙara lafiya."

Shi ke nan fa. Saƙo ya tafi da haƙora, ya isa da dasashi. Ma'u ta koma ɗaki ta kifa kai a gado ta yi kukan takaici, ba mai jin ta. Washegari ta sake tura Gwaggo ta roƙo a ba su gwangwanin su ajiye a ciki. Amsa ta dawo cewa in na hannunsu ya ƙare a yi magana. Daga nan kullum tana jin sallama a soro, tana jin ƙarar kwaɗon adaka, tana jin "Allah ya saka da alheri". Kowace godiya sai ta ji kamar an zare mata wani abu a ciki. Haba jama'a! Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. Mutanen nan ba su yi laifi ba, ciwo ne ya koro su, ta sani. Amma nasu ciwon baƙo ne, kwana biyar ya tafi. Na mijinta ɗan gida ne.

Marka na ƙarewa gwangwanin farko ya ƙare. Gwaggo Nana ta je ta kawo na biyu. Tun daga tsakar gida Ma'u ta san an gama da ita, don cikakken gwangwani ba ya kuka, wannan kuwa yana tahowa yana kacau-kacau kamar caki. Ta juye a faifai ta ƙirga sau biyu. Hamsin da takwas. Maganin wata huɗu ya koma na mako biyu. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata.

Ta shiga ja da su. Biyu a wuni, sannan ɗaya a wuni. Hambali ya kai takarda asibiti, aka ce babu. Ya zaga kemis-kemis na Fagge, wani ma bai taɓa jin sunan ba. Alhaji Mukhtar ya kama haɓa da ya ji gwangwani biyu sun ƙare, ya ce zai rubuta wasiƙa, amma jiragen yanzu ba magani suke ɗaukowa ba, sai dai a sa rai bayan Sallah. Ana fara yankan gero ƙwaya ta ƙarshe ta wuce.

Mako ɗaya lafiya lau. Mako biyu, mako uku. Gwaggo Nana har tana yi mata tsiya. "Ba na faɗa ba? Ina wutar taki, 'yar nan? Mu dai toka muke gani." Ma'u kuwa idonta na kan buta, tana ƙirga sau nawa ake ɗaukarta a wuni.

Wata safiya Hambali ya fito daga bayan gida bai kalle ta ba. Ya ajiye butar a hankali. Ba ta tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba.

Cikin kwana goma duk naman da ya tara a shekara uku ya zube. Rigar da yake wa aska takwas tana rataye da allurarta a soke, ba a kai rabi ba. Zazzaɓi ya rufe shi, ciki na murɗa, har ya kai ba ya iya isa bayan gida sai a kasko. Ma'u ta ce a tafi asibiti, ya ce sai an sanar da Bappa. Gwaggo Nana, da yanzu tsiya ta ƙare mata sai hawaye, ta je ta sanar. Me ta ce? "Yaya, ɗan cikin nan ne ya motsa wa yaron." Bappa ya aiko da rubutu a ƙwarya da fura mai kyau. Bai tambayi komai ba. Ai uba ba ya tambayar jikin ɗan fari.

Ranar Alhamis da hantsi Ma'u na tsugune a bakin rijiya, jikin bangon soro, da daro a gabanta. Wando na uku ke nan tun asuba. Ruwan daron ya yi ja. Sai ta ji sallama, ta ji kukan zakara, ta ji muryar Gambo mahauci da wasu mutum biyu. Godiya suka zo yi. Gambo ya riƙe zakaran tun damina yana kiwo don wannan rana.

"Bappa uban marasa lafiya! Wallahi a wannan zamani na yaƙi, da kowa ke ɓoye gishirinsa, kai ka buɗe mana adaka. Abin da ka yi mana, ko ɗan cikinka ba za ka yi wa ba!"

Ma'u ta tsaya da wandon a hannu. A ranta ta ce, gaskiya ka faɗa, Gambo, ba ka taɓa faɗin gaskiya irin ta yau ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko gwangwanin da ba komai a ciki, ta yafa mayafi, ta sunkuci daron da ruwansa. Gwaggo Nana ta ga inda ta nufa, ta ƙwala, "'Yar nan! Da maza a soro!" Ko waiwaye ba ta yi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ta tura ƙyauren da ƙafa. Ta dire daron a gaban buzun Bappa har ruwan ya fantsala, ta ajiye gwangwanin kusa da shi. Mazan nan uku suka zabura, zakara ya kufce ya yi waje. Ba ta durƙusa ba.

"Baba, ku gafarce ni. Na aiko sau biyu, saƙona bai iso ba, shi ya sa na kawo da kaina. Ku duba daron nan."

Bappa ya kawar da kai ya kalli bango.

"A'a, Baba, bango kun daɗe kuna kallonsa. Daron za ku duba. Wannan jinin ɗanku ne. Ƙwayar da kuka rabar ba ta atuni ba ce, ba kuma ta mai lafiya ba ce. Ita ce lafiyar da kuke gani yana yawo da ita. Likita ya ce in ya daina jinin zai dawo, na ji da kunnena, ku kuna gindin darbejiya. Ɗari huɗu da arba'in da biyu kuka bayar, na ƙirga abin da ya rage. An yi muku godiya, an kawo muku zakara. Shi kuwa wa zai je ya roƙa? Kowa a unguwar nan yana da bakin da zai ce muku cikina na ciwo, ban da shi."

Gambo ya buɗe baki, "Haba Ma'u, ai mu ba mu san..."

"Ba da kai nake ba, Gambo, Allah ya ƙara wa matarka lafiya." Ta juya ga tsohon, muryarta ba ta sauka ba. "Kuna jin kunyarsa, shi yana jin kunyarku, ni ina jin kunyarku duka. To kunyar ta kai shi kan kasko. Hambali ne, Baba. Hambali nake nufi, ba wancan ba. Hambali ke mutuwa a ɗaki."

Sunan ya faɗo a soron nan, ita kanta sai da ta ji baƙonsa a bakinta. Ba wanda ya motsa. Carbin Bappa ya tsaya. A hankali ya juyo da kai, ya dubi daron. Ya daɗe yana duba. Sannan ya ja amawali ya rufe bakinsa.

Ta bar musu daron ta koma ciki. Gwaggo Nana na zaune a ƙasa ta ɗora hannu a ka tana salati. Ma'u ta wuce ta, ta zauna gefen gadon Hambali tana jiƙa tsumma tana shafa masa a goshi. Ta san ta yaga abin da ba allurar da za ta ɗinke. In an ce ta tattara ta koma gidan ubanta, to, ba za ta ce an zalunce ta ba. Amma ko kaɗan ba ta yi nadama ba. Abin da ke cin ta ɗaya ne, me ya hana ta yin haka tun farkon damina.

Bayan azahar sai ga Talatu mai kitso ta faɗo gidan ko sallama babu, mayafi a hannu.

"Ma'u! Ma'u! Kin ga abin da na gani? Surukinki ne ke bin gida-gida! Ya cire hularsa daga cikin rawani ya riƙe a hannu. Ya zo ƙofar gidanmu ya yi sallama, na ɗauka mafarki nake. Ya ce, 'Kyautar da na yi muku na zo karɓa, in da saura.' Maigidanmu ya rasa inda zai sa idonsa. Sai ya ƙara da cewa, 'Na ɗana ne.' Wallahi tallahi da kunnena na ji, ɗana ya ce! Na kwance bakin zanena na ba shi biyu da suka rage. Yanzu an ce ya nufi Dala a ƙafa."

Duk wanda ya san Bappa Hammadu ya san abin da wannan ke nufi. Mutumin da ko ruwa bai taɓa roƙa a gidan wani ba, yau shi ne ke lashe amansa ƙofa-ƙofa, a unguwar da aka yi damina ana yabonsa. Gwaggo Nana ta rushe da kuka. Ma'u kuwa ba ta ji sanyi ba. Kalma ɗaya ce, in ji ta a ranta, ɗana. Da ya faɗe ta ga Gambo ranar farko, da gwangwani na nan cike.

Abin da ya sa aka samu saura kuwa, halin nan ne dai da ya jawo masifar. Kowa da ya ji cikinsa ya lafa sai ya daina sha, ya ƙulle ragowar a bakin zane ko ya jefa a kwalla, don mai lafiya ba ya shan magani.

La'asar sakaliya aka ji gyaran murya a tsakar gida, inda ba a taɓa jin ta ba. Bappa ne. Rabonsa da sashen nan tun kafin a kawo Ma'u. Ƙafafunsa sun yi buɗu-buɗu, rawani ya karkace. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin kamar mai jiran izini, sannan ya sunkuya ya shiga. Ya miƙa wa Ma'u hular da hannu biyu, bai kalle ta ba. Ta juye a faifai. Wasu sun yi baƙi da dauɗa, wasu sun sha jan goro, ɗaya ta rabe biyu. Ashirin da uku.

Ya yi magana yana kallon ƙasa. "Motar Alhaji Mukhtar na bakin titi, za ta kai shi asibiti. Su Gambo na zuwa su ɗauke shi a gado zuwa can. Ni ma da ni za a tafi."

Ma'u ta san abin ya wuce 'yar rawaya yanzu. Mai danne garwashi ce, ba ta kashe gobara, sai abin da likita ya gani kuma. Amma ba ta faɗa ba. Ta jawo moɗa.

Tsohon ya matsa ya durƙusa a gaban gadon, gwiwoyinsa na ƙara. Ya dubi fuskar da ya yi shekara talatin da shida yana kauce wa. Idanu sun zurma, leɓe ya bushe ya tsattsage. Bakinsa ya motsa sau biyu ba abin da ya fito.

"Hambali," ya ce.

Hambali ya buɗe ido da ƙyar. Zazzaɓi ya sa ba ya gani sosai. Ya juya kai wajen matarsa.

"Ma'u, wa ke kirana? Baƙo muka yi?"

Bappa ya ɗago ya dubi surukarsa, karo na farko ido cikin ido, kamar mai neman ta amsa masa. Ta ƙi. Ta gama kai wa kowa saƙo a gidan nan. Ta bar shi da shirun har sai da ya yi masa nauyi.

"Ni ne," in ji tsohon, muryarsa ta karye. "Ubanka ne."

Ma'u ta zaɓi biyu da suka fi tsafta, ta goge su da bakin mayafi, ta tallafo kan mijinta ta ba shi da ruwa. Sannan ta rufe faifan. Saura ashirin da ɗaya.